Kejin da Muka Ɗaura wa Fijo

A shekarar 1986 ina yaron shago a wajen wani mai walda kusa da tsohuwar Panteka a Kaduna. Aikinmu ƙofofi ne da tagogi da gadajen ƙarfe, sai kuma salansar mota idan ta ɓule. Wata Asabar da hantsi wani ɗan kasuwa ya faka farar Fijo 504 a bakin shagon, ya fito riƙe da wata mujallar Turawa da ta sha hannu, ya buɗe wa maigidana wani shafi. Hoton motar tsere ce, ƙofarta a buɗe, cikinta ba kujerar baya, ba shimfiɗa, sai bututan ƙarfe sun kewaye mazaunin direba kamar an saka mutum a akurki.

"Malam, irin wannan nake so. Za ka iya?"

Maigidana ya goge hannu a gaban rigarsa, ya karɓi mujallar, ya nisanta ta da idonsa kamar yadda yake yi in zai karanta rasit. Ya ce, "Alhaji, ai ƙarfe ne. In dai ƙarfe ne, an gama."

Mutumin ba hauka yake ba. A wancan zamani Fijo ita ce mota. Tun 1975 ake harhaɗa ta a Kakuri, kusa da mu, kuma a wannan shekarar ce Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da 504, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya ci da wani samfurin nata mai ƙofa biyu. Bikin kamun kifi na Argungu akan haɗa shi da tseren motoci. Can arewa da mu kuma, duk watan Janairu masu tseren Faris zuwa Dakar suna keta hamada su biyo ta Agadas, direbobin da ke zuwa Nijar su dawo mana da labarin motoci masu tashi sama kamar fara. Duk saurayin da Allah ya hore wa, kuma jininsa ke tafasa, yana ganin shi ma da shi za a yi. Alhajin nan ya ji an ce ba a shiga tsere sai da kejin ƙarfe a cikin mota, shi ne ya zo.

Kwana huɗu muka yi a kan aikin, kuma har yau ina iya lissafa abin da muka yi ɗaya bayan ɗaya. Ni aka aika na sayo bututun ruwa, irin mai farin shafe ɗin nan da masu aikin famfo ke amfani da shi. Muka ɗura masa yashi, muka toshe bakinsa da katako, muka gasa shi da wutar kabayid har ya yi ja, muka lanƙwasa shi a jikin wani tsohon wilin babbar mota da aka kafe a ƙasa. Inda bututu zai haɗu da ɗan uwansa, sai mu daddage bakin da guduma ya yi faɗi, mu manna, mu bi da walda. Farin hayaƙi ya yi ta tashi daga shafen nan yana shiga mana hanci, da daddare zazzaɓi ya rufe ni. Maigida ya sayo mini madarar gwangwani, ya ce ita ce maganinsa. Ƙafafun kejin kuwa, a kan farantin ƙasan motar muka dasa su kai tsaye, ba tare da mun shimfiɗa musu komai ba.

Da muka zo haɗin sama, can jikin rufi, sandar walda ta ƙi shiga. Tsakanin bututu da rufin motar ko yatsa ba ya wucewa. Na ce, "Maigida, bayan nan fa?" Ya leƙa, ya ce, "Yaro, ciko shi da fila ka goge. Wa zai hau can?" Na cike, na goge, muka fesa baƙin fenti. Wallahi ya yi kyau. Mutanen layinmu suka yi ta zuwa kallo.

Alhaji ya je tserensa ya dawo lafiya. Motar ba ta kife ba, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya kawo wa maigida tukuici, ni ma ya ba ni naira biyar, ya riƙa gaya wa abokansa cewa abin da Bature ke yi a Ingila ga shi wani bawan Allah ya yi a Kaduna. Shekaru na yi ina alfahari da wannan aiki.

Wajen shekara tara bayan haka, maigida ya rasu, shagon yana hannuna, sai ga Fijon nan an turo ta. Ta canza hannu sau uku, wanda ya saye ta yana so ya mai da ita tasi tsakanin Kaduna da Zariya, don haka a cire ƙarafan a mayar da kujerar baya. Na ɗauko zarto ina tunanin aikin yini guda ne. Kafin in fara yanka na ɗan kai wa haɗin sama guduma don in ji yadda yake. Bugu na biyu filar ta zubo, bugu na uku bututun ya rabu da ɗan uwansa ya yi lilo. Na taka ƙafar baya da diddige, sai ta huda farantin da tsatsa ta ci ta leƙa ƙasa. Kafin azahar na gama fitar da komai, kuma rabin aikin da hannu na yi shi. Na zauna a kan benci na daɗe ina kallon tulin ƙarfen. Da motar nan ta yi adungure a kan gudu, rufin zai danno, ƙafafun su fasa ƙasa su nutse, bututan da suka ɓalle kuma su zama masu a cikin ɗakin da mutum yake zaune. Abin da aka biya mu mu yi don ya kāre rai, shi ne zai fara neman ran. An yabe mu ne kawai don ranar gwajin ba ta zo ba.

Ba na zargin maigidana, Allah ya jiƙansa. Ya ga hoto, ya kwaikwayi hoto, kuma hoto ba ya nuna kaurin bututu ko abin da ke bayan haɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne, akwai ilmin da yake da shi amma bai kai shi cikin motar ba. Ba zai taɓa yin babbar ƙofar gida ba tare da ya gilma mata ƙarfe daga wannan kusurwa zuwa waccan ba, don ya san ƙofa mai kusurwa huɗu zalla, komai kaurinta, wata rana sai ta sunkuya ta ja ƙasa. Alwatika ce ba ta karkacewa. Sirrin kejin mota ke nan gaba ɗaya. Amma a hoton da aka kawo mana kujera ta tare ƙarfen da aka gilma a baya, ba mu gan shi ba, ba mu sa ba.

Su ma masu abin ba dare ɗaya suka iya ba, da gawarwaki suka koya. A Amurka, sai da Pat O'Connor ya mutu a tseren Indiyanafolis na 1958 motarsa ta kife a kansa, sannan aka tilasta sa ƙarfen kariya a bayan kan direba daga 1959. Gasar Formula 1 ta bi sahu a 1961. Abin da mutane ba su cika sani ba, a wannan shekara ta 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta irin wannan ƙarfe a kan sababbin taraktoci, saboda manoma da yawa tarakta ce ke juyewa ta danne su a gona, kuma mutuwar ta ragu ƙwarai bayan dokar. Duk wanda ya ga ƙarfe mai ƙafa biyu a bayan kujerar tarakta ya ɗauka na rataya rumfa ne, to asalinsa ke nan.

A shekarar da muke gasa bututun ruwa a Kaduna, ranar 2 ga Mayu, Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka faɗa wani kwazazzabo a tsibirin Kosika cikin Lancia Delta S4. Tankin mai yana ƙarƙashin kujerunsu. Wuta ta cinye komai, sai ƙwarangwal ɗin bututan aka ciro. Nan take hukumar tseren motoci ta yanke cewa daga ƙarshen shekarar an soke rukunin motocin da ake kira Group B baki ɗaya. Shekara guda kafin wannan, Ari Vatanen ya yi adungure da Peugeot 205 a Ajantina. Kejin bai rufta ba, amma kujerarsa ta tsinke daga mazauninta, ya yi ta gwaruwa da ƙarafan da aka sa don su tsare shi. Ya fi shekara yana jinya. Da ya tashi, shi ne ya ci tseren Dakar na 1987, ya biyo ta hamadar Nijar. A 2001 kuma Dale Earnhardt ya daki bango a Daytona. Motarsa tana da keji irin wanda babu kamarsa, jikinsa a ɗaure, amma kansa ya yi gaba da ƙarfi, gindin ƙoƙon kai ya karye. Bayan mutuwarsa aka tilasta wani abin riƙe wuya da ake haɗawa da hular kwano. Kowace doka da ke cikin littafinsu, in ka bi salsalarta, za ka tarar da sunan wani mamaci.

Wani abu da ya sauya, kuma har yanzu mutanenmu ba su yarda da shi ba, shi ne ma'anar ƙarfi. Ka zauna a kowace tasha za ka ji ana cewa motocin da su ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne, ɗan taɓi kaɗan sun lotse. Ni ma na yi shekaru ina faɗin haka. Ashe lotsewar da gangan ce. Wani injiniyan Mercedes, Béla Barényi, shi ya yi wa tunanin rajista tun farkon shekarun 1950: a bar gaban mota da bayanta su murƙushe su shanye bugun, amma ɗakin da mutane ke ciki ya tsaya kyam. Motar da ba ta lotsewa, bugun ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake ya sauka a kan haƙarƙarin wanda ke ciki. A 2009 wata cibiyar gwajin motoci ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ƙirar 1959 da ƙirar 2009 suka yi karo. Tsohuwar, mai kama da tankar yaƙi, ɗakinta ne ya rufta a kan mutum-mutumin da aka zaunar a ciki, sabuwar kuwa hancinta ya tafi amma ɗakin yana nan. Kejin tsere wannan tunanin ne aka kai shi ƙarshe. Ba motar ake ceto ba, motar an riga an sallama ta. Ɗan sararin da direba ke zaune a ciki ake yi wa katanga.

Na bar walda tuntuni na koma koyarwa a wata makarantar koyon sana'a, kuma na ɗauka na rabu da wannan zance. Sai bara ɗan ƙanena ya zo mini da tsohuwar BMW ƙirar shekarun 1990, ya ce zai shirya ta don wasan nan da samari ke yi a Abuja, na sa mota ta riƙa zamewa a kwana tana hayaƙin taya. Na buɗe baki zan fara faɗa, ya riga ni.

"Baffa, ba a titi ba. A fili ne, kuma sai da keji. Ga ma dokar."

Ya miƙo mini waya. Abin da maigidana ya rasu bai taɓa gani ba, ga shi a tafin hannun yaro ɗan shekara ashirin da huɗu: ƙa'idar hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, Rataye na J, sashe na 253, da zane-zanenta. Na sa tabarau na zauna, shi yana karantawa ni ina tuna laifuffukana. Bututun sai wanda ba shi da ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi, sinadarin kabon a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, kuma kowane murabba'in milimita nasa ya jure jan da ya kai kusan kilo 35 kafin ya tsinke. Namu na ruwa ne mai ɗinki daga sama har ƙasa. Babbar bakar da ke bayan direba faɗinta milimita 45 da kaurin bango 2.5, ko 50 da kauri 2, sauran kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2. Mu ba mu auna komai ba. A lanƙwasa shi a sanyi, ba a gasa shi, kuma lanƙwasar kada ta matse fiye da ninki uku na faɗin bututun. Mu sai da ya yi ja. Kowace ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 3 da faɗin murabba'in santimita 120, wato kamar tafin hannun babban mutum. Walda kuma ta kewaye haɗin gaba ɗaya. Babu layi ɗaya da muka tsallake ba mu saɓa ba.

Na ce masa to, in za a yi, a yi shi a gabana.

Wahalar farko bututu ce. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko kowace kasuwar ƙarfe, za ka samu na ƙofa, na rumfa, na kujera, na rijiyar burtsatse, don abin da ake saye ke nan. Marar ɗinki mai wannan awo ba kayan yau da kullum ba ne. Wani mai shago ya rantse mana nasa kauri biyu da rabi ne, muka sa ma'auni bai kai biyu ba, muka leƙa cikinsa da tocila ga ɗinki kwance. Ba na jin ma ƙarya ya yi niyya, haka aka gaya masa shi ma. Ƙarshenta daga waje aka yi oda, kuɗin kaya da na dako suka kusa kamo kuɗin motar. Yaron ya so a sayo wani nau'i mai gauraye da ya fi sauƙin nauyi, wanda ya gani Amurkawa na yabo. Na hana. Wannan ƙarfe yana son waldar iskar argon da hannun da ya saba da shi, in zafi ya yi masa yawa gefen waldar sai ya yi gautsi. Kilo goma da za a rage bai kai wannan kasada ba.

Sai mai walda. Uku muka gwada, kuma ba da baki ba. Kowa muka ba shi guntaye biyu ya haɗa, muka tsaga haɗin da zarto mu ga ko waldar ta ci ciki, muka ɗaure a matsi muka bi da babbar guduma. Na farko waldarsa kyakkyawa kamar an jera tsaba, amma a sama take zaune, ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Na biyu ya ji haushi ya ce shekara ashirin yana aiki ba a taɓa yi masa jarrabawa ba, ya tafi. Na uku wani matashi ne da ya koyi aiki wajen masu waldar tankokin mai, inda ɗigo ɗaya ke tona asiri. Nasa, bututun ne ya lanƙwashe, haɗin bai motsa ba. Shi muka ɗauka.

Aikin kansa ba daga ƙarfe ake fara shi ba. Sai da aka yashe motar tas: kujeru, shimfiɗa, dashbod, gilashin gaba, da baƙar kwaltar nan da kamfani ke mannawa a ƙasa don rage ƙara, wadda ta ci mana kwana biyu ana kankara. Aka cire batir da ƙwaƙwalwar injin, aka kawar da tankin mai da hanyoyinsa, aka ajiye abin kashe gobara a kusa. Sannan aka kafa kujerar tsere, yaron ya zauna da aron hular kwano a kansa, hannunsa a sitiyari, aka auna. Keji kamar ɗinkin riga yake, a jikin mai shi ake gwada shi. Babbar baka guda ɗaya ce ba haɗi, an lanƙwasa ta a inji, ana ɗan wuce awo kaɗan don ƙarfe yakan dawo baya in an sake shi. An yi asarar tsayi guda kafin a gane yawan dawowar. Kowane bakin bututu an fafe shi kamar bakin kifi ya rungumi ɗan uwansa, ba ratar da za a ce walda ta cike. Mai waldar yakan naɗa kwali a jiki ya zana, ya yanka, ya gurza, ya gwada, ya sake gurzawa. Haɗi ɗaya yakan ci masa awa guda. Na tuna gudumarmu.

Da aka zo haɗin sama na yi shiru ina jira in ga yadda zai yi da abin da ya gagare mu. Ashe dabarar ba ta da wuya. Ya huda ƙasan motar daidai inda kowace ƙafa za ta tsaya. Bayan ya ɗosa walda ya kama komai a mazauninsa, sai ya saki kejin ya zurma cikin ramukan, saman ya sauko ya bar rufi da kusan taƙi guda. Ya zagaye kowane haɗi da walda, gaba da baya, yana duba bayan da guntun madubi. Sannan aka ɗaga kejin, aka zura farantan a ƙarƙashin ƙafafu suka rufe ramukan, aka walde su da jikin mota. Na ce a raina, Allah sarki maigida, rami huɗu kawai.

Daga nan aka sa tokare biyu daga saman baka zuwa baya, aka gilma biyu a cikin bakar suka yi alamar kuros, aka yi wa kowace ƙofa irin wannan, don bugun gefe shi ne mafi muni: tsakanin kafaɗar mutum da itace babu hancin mota da zai shanye komai. Irin wannan bugu ne ya kashe Michael Park, mai karanta wa Markko Märtin hanya, a tseren Birtaniya na 2005. Sai ƙarfen da ake ɗaura bel a bayan kujera, wanda dole ya zo daidai da kafaɗa ko ƙasa kaɗan. In ya yi ƙasa da yawa, ranar karo bel ɗin zai danne mutum ya matse masa ƙashin baya. Ba a gurje ko walda ɗaya don ta yi sumul ba, ba a sa fila ba. Waldar keji a tsirara ake barinta, mai dubawa ya gani.

Ga inda aka kai yanzu a duniya. A Janairun 2020, a tseren Monte Carlo, Ott Tänak ya bar hanya da Hyundai yana gudun kusan kilomita 180 a awa, motar ta yi ta juyi tana gangarawa, ta zama abin da ko ɗan gwangwan zai yi tunani kafin ya saya. Shi da abokin tafiyarsa Martin Järveoja da ƙafafunsu suka fito. Tun 2022 kuma manyan motocin wannan gasa ta duniya kejin ake fara ginawa, sannan a rataya masa fatar mota. Duk da haka ba a gama ba. A Afrilun 2023 Craig Breen yana gwaji a Kuroshiya, ba ma cikin wani mugun gudu ba, wani turken shinge ya shigo ta taga ya kashe shi. Keji yana da ramuka, kuma ajali ba ya rasa ƙofa. Masu ce mini ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ban taɓa musa musu ba. Sai dai na lura duk cikinsu babu wanda ke barin shagonsa a buɗe da dare.

Abin da ke damuna shi ne, a wajenmu ilmin ya iso amma mai dubawa bai iso ba. A ƙasashen da ake wannan wasa da gaske, kafin mota ta shiga fili sai wani jami'i ya shiga cikinta da tocila da madubi da ma'auni, wani wurin har ɗan rami ake hudawa a bututu don ya auna kauri, in bai gamsu ba ka koma gida. Mu kuwa sau da yawa abin da ake dubawa shi ne ko akwai ƙarfe a ciki. Don haka kejin ado ya yi yawa fiye da zamaninmu. Na ga wanda aka yi da bututun labule mai walƙiya, na ga wanda aka ɗaure da ƙananan notuna a jikin farantin da yatsa ke lotsawa, na ga wanda aka zagaye dashbod da lanƙwasa huɗu don kada a sha wahalar cire shi, alhali kowace lanƙwasa wuri ne da aka riga aka nuna wa ƙarfe inda zai naɗe. Mu a 1986 jahilci ne ya sa mu. Wanda ke da dokar a aljihunsa ya yi haka, ban san sunan da zan ba shi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Har mai kyan ma yana da sharaɗi, kuma a nan ne muka yi ta kai ruwa rana da ɗan ƙanena. Keji ɗan gida ɗaya ne da kujerar tsere, da bel mai madauri shida, da hular kwano, da abin riƙe wuya. In ka ɗauki ɗaya ka bar sauran, ka jawo wa kanka. Mutum yana zaune da bel na gama-gari, kansa ba hula, ga ƙarfe taƙi ɗaya daga kunnensa: ko a cikin gari aka buge shi daga gefe, ƙoƙon kansa ne zai fara gaisawa da bututun. Sosan katifa da wasu ke naɗawa ba ya hana komai, abin da ake sawa wani roba ne mai tauri da aka yi don ya tari hula, ba fatar kai ba. Motar da aka sa wa keji ta daina zama motar zuwa ɗaurin aure. Balle a ɗebi abokai a baya a shiga ayarin rakiyar amarya ana juyi a kan titi, irin wasan da ya sha raba iyaye da 'ya'yansu a garuruwanmu.

"Baffa, ko sau ɗaya in zaga unguwa da ita a ji ƙarar?"

"In hularka ta iso, ka ɗora ta a bayan babbar mota ka kai ta fili. Can ka zaga."

Ya yi fushi na kwana biyu, ya huce. An gama waldar makonni uku da suka wuce. Na bi haɗi talatin da ɗaya da madubi da tocila, na sa an sake biyu. Ba a yi fenti ba tukuna, kuma na ce in za a yi, fari za a yi, don tsaga ta fi saurin nunawa a kan fari. Motar tana bayan gidana a ƙarƙashin darbejiya, an rufe ta da tamfol, makullin yana aljihuna. Hular da abin wuyan suna hanya, an ce sai ƙarshen wata.